Darasin Bakalori Ga Matan Masu Zuwa Aiki Ƙasashen Waje

Daga wata malamar makaranta, Talata Mafara

 Yau ina so mu tattauna a kan wani al'amari wanda da yawa daga cikinmu su ke ganin bai shafe su ba, watau halin da manyan ma'aikata, manajoji da injiniyoyi, su kan shiga idan an tura su aiki wata ƙasa. Mu dai abin da mu ke hange shi ne babbar mota, da gida mai sanyi, da albashi mai tsoka. Ba mu ganin daren da mutum ya ke kwana ido biyu saboda kewar gida da nauyin aiki, ga shi cikin mutanen da ba ya jin harshensu.

Ra'ayina a kan wannan magana guda ne. Baƙon da ya nemi sauƙin baƙunta ta hanyar kulle kansa cikin 'yan'uwansa zai sami barci, amma zai rasa sanin garin da ya zo yi wa aiki, kuma sau da yawa wasu ne su kan biya bashin wannan rashin sani. Mu mutanen Talata Mafara da Bakura da Maradun ba sai an ba mu labari ba, domin a ƙasarmu aka yi.

Kada wata ta ce ina ruwanmu. A da mu ne masu masauki, Turawa da Larabawa da Indiyawa su ne baƙi. Yanzu kuwa abin ya juya. Kamfanin siminti na Dangote yana da masana'antu a Senegal da Kamaru da Habasha da Zambiya da Tanzaniya. Bankin UBA yana aiki a ƙasashen Afirka 20. Tun 1987 gwamnatin tarayya ta kafa shirin aika malamai da likitoci da ma'aikatan jinya su yi shekara biyu suna taimakon wasu ƙasashe. Ga masu zuwa Saudiyya da Dubai da Ingila. Cikin waɗannan akwai mazajenmu da 'yan'uwanmu, gobe kuwa har da ke 'yar makaranta, ko dai ki bi miji, ko kuwa ke ce ma za a tura.

CIWON BAƘUNTA

A shekarar 1954 wani masanin al'adu mai suna Kalervo Oberg ya yi lacca a birnin Rio de Janeiro na ƙasar Brazil. Abin sha'awa, ƙungiyar mata ya yi wa laccar, yawancinsu matan baƙin ma'aikata waɗanda suka biyo mazajensu. Ya bayyana musu cewa ruɗewar da baƙo kan shiga kamar ciwo ce, tana da alamu, tana da matakai, tana kuma warkewa. Ya kasa ta kashi huɗu. Da farko kome yana ba mutum sha'awa. Sa'an nan sai ya soma jin haushin kome da kowa: abinci ba daɗi, mutane ba gaskiya, ruwa ba tsabta, ƙasarsu ce kawai ƙasa. Bayan haka, in ya daure, sai ya fara tsintar harshe, har ya iya yi wa kansa dariya. A ƙarshe sai ya saba, har in ya tashi komawa gida ya ji kewar wurin.

To, wace matar aure ce za ta ce ba ta san wannan ciwo ba? Ku tuna da amarci. Makon farko ana ta lallaɓa ki, ƙawaye na shiga suna fita. Da an watse sai ki ga miyar gidan ba irin taku ba ce, uwar miji tana da nata tsari, faccaloli suna magana da ido ba ki gane ba. Sai kuka a ɗaki, sai son zuwa gida. Amaryar da ta kulle kanta a ɗaki tana jiran 'yan gidansu su zo su yi hira, ita ce a kan shekara ana kiran ta baƙuwa. Wadda ta fito tsakar gida ta ɗauki taɓarya ta taya daka, ta tambayi yadda a ke yi, ita ce kan zama 'yar gida. Manajan da aka kai wata ƙasa amarya ne, sai dai shi ba a ba shi ko kwana bakwai na hutu, ran da ya sauka a ke miƙa masa ma'aikata da lissafin kuɗi.

ABIN DA YA FARU A BAKALORI

A shekarar 1969 Hukumar Abinci da Noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ba da shawara a yi madatsar ruwa madaidaiciya a yankin Talata Mafara, a kuma bi abin sannu a hankali don kada a dagula wa manoma yadda suka saba noma. Da kuɗin man fetur suka shigo, sai aka zaɓi babban aiki. Aka ba kamfanin Impresit kwangila, wanda ya ke reshe ne na kamfanin Fiat na Italiya, tare da haɗin gwiwar gwamnatin Nijeriya. A tsakiyar shekarun 1970 aka kama aiki a kan Gulbin Sakkwato, aka gama ginin madatsar a 1978. Tafkin yana ɗaukar ruwa mita miliyan 450 a ma'aunin murabba'i uku, ya kuma mamaye fili kimanin hekta 8,000. Niyya ita ce a shayar da gonaki kimanin hekta 23,000 a ƙasashen Talata Mafara da Bakura da Maradun, waɗanda a lokacin suna cikin Jihar Sakkwato, don sai a 1996 aka ƙirƙiro Jihar Zamfara.

Mu yi wa waɗannan Italiyawa adalci tukuna, mu duba abin da suka tarar. Mutum ya baro ƙasar da a ke ƙanƙara da hunturu, ya sauka inda zafin watan Afrilu ke wuce digiri 40. Ga sauro da zazzaɓi da damina, ga ƙurar hunturu da ke fasa leɓe. Babu wayar hannu. Wasiƙa ce sai ta yi makonni a hanya. Ga shugabanni can gida suna matsa masa a gama aiki kan lokaci, ga jami'an gwamnati a nan suna nasu matsin, ga leburori ɗaruruwa waɗanda sai da tafinta zai yi musu magana. Wanda ya ce wannan ba wahala ba ce bai taɓa barin gida ba.

Dabarar da manyan kamfanonin gine-gine su kan yi ko'ina a duniya ita ce su gina wa ma'aikatansu masauki a keɓe, da injin wuta, da ruwan famfo, da wurin cin abinci irin na gida, da wurin shaƙatawa da yamma. Haka aka yi a nan. Ni ban ga laifin mutum ya nemi abincin da ya saba da shi ba, ko ya so hira da harshen uwarsa bayan ya wuni cikin rana. Wannan magani ne, kuma yana aiki. Amma magani ne na mataki na biyu kawai. Yana kwantar da haushi, ba ya kai mutum mataki na uku, inda a ke koyon harshe da halin mutane. Wanda zai fita daga shinge da safe ya shiga mota, ya je wurin aiki, ya komo shinge da yamma, zai iya shekara biyar a Mafara bai taɓa zama a zauren wani ba, bai taɓa ratsa kasuwar ranar Talata da ƙafa ba.

Me ya ɓace wa irin wannan baƙo? A takardar injiniya gona fili ce mai tsawo da faɗi. A wurin manomi kuwa gona gado ce. Ya san inda iyakar kakansa ta tsaya, ya san ɗorawar da matarsa ke samun kalwar daddawa daga gare ta, ya san fadamar da ambaliya ke kawo wa taki kowace shekara ba da ko kwabo ba. Da manyan motoci suka shiga baje ƙasa don a yi magudanan ruwa, sai iyakoki suka ɓace, itatuwa suka faɗi, aka hana mutane shuka damina bayan damina ana jiran a gama. Mutane fiye da 10,000 ruwan tafki ya tasa daga gidajensu. Kuɗin diyya ya yi jinkiri, wanda ya zo ma bai kai ba. Can ƙasa da madatsar kuma, ambaliyar da a ke noman shinkafa da ita ta ragu, kifi ya ja baya.

Daga ƙarshen 1979 manoma suka soma tare hanyoyin aikin suna neman hakkinsu. A lokacin Alhaji Shehu Kangiwa ne gwamnan Jihar Sakkwato, Alhaji Shehu Shagari kuwa shugaban ƙasa. A ƙarshen watan Afrilu 1980 aka turo 'yan sandan kwantar da tarzoma, suka buɗe wuta a Birnin Tudu da ƙauyukan da ke kewaye. Gwamnati ta ce mutum ashirin da 'yan kai suka mutu. Masu bincike da suka bi sawu daga baya suka ce sun haura 380. Har yau akwai gidajen da ba a son tuna wannan rana.

Kada a fahimce ni a karkace. Ba Italiyawa suka harbi kowa ba, kuma biyan diyya nauyin hukuma ne. Cikin manyan da suka tafiyar da aikin akwai 'yan Nijeriya waɗanda Hausa ce harshensu, amma su ma daga ofis su ke kallon manomi, baƙi ne a ƙauye ko da sun iya gaisuwa. Abin da na ke cewa shi ne, fushin da ya fashe a 1980 ya yi shekaru yana tafasa, ana maganarsa a masallaci da kasuwa da bakin rijiya. Duk matar da ke sayar da fura a lokacin ta san da shi. Manyan da ke da ikon sauya tsarin aiki su ne na ƙarshe da suka ji, domin sun zauna inda magana ba ta isa. Hausawa sun ce baƙo makaho ne ko da yana da ido, to ina ga baƙon da ya ƙara wa kansa katanga?

DABARAR KAKANNINMU

Mu Hausawa ba yau muka fara baƙunta ba. Fatakenmu sun yi ɗaruruwan shekaru suna zuwa Gwanja sayen goro, suka kafa zango a Salaga da Kumasi da Akara, suka kafa unguwar Sabo a Ibadan. Zango ma ai masauki ne a keɓe. A can mutum zai sami tuwo da masallaci da mai jin harshensa, zuciyarsa ta kwanta. Bambancin shi ne, zango yana da mai gida, watau mutumin da ya daɗe a wurin, ya san sarakunan gari, ya ji harshensu, shi zai gaya wa sabon zuwa abin da a ke yi da abin da ba a yi. Kuma falke ba shi da abinci sai ya fita kasuwa ya yi ciniki baki da baki da 'yan gari. Saboda haka zango wurin kwana ne, wuni kuwa cikin jama'a a ke yi. Shi ya sa za ki ga tsohon Bahaushe a Kumasi yana jin harshen Asante kamar a nan aka haife shi, bai kuma bar sallarsa ko rigarsa ba.

Wannan darasi bai tsufa ba. A watan Mayu 2018 wasu 'yan bindiga suka harbe manajan masana'antar simintin Dangote ta ƙasar Habasha, wani Ba'indiye, tare da ma'aikatansa biyu, suna kan hanya daga masana'antar. An yi haka ne a lokacin da a ke ta samun saɓani a yankin a kan sha'anin ɗaukar ma'aikata. Ba ina ɗora wa mamacin laifi ba ne, kisa kisa ne. Na kawo wannan don mu ga cewa yanzu kamfanin ɗan ƙasarmu ne ke zaune a ƙasar wasu, kuma zaman lafiya da masu gari ba ƙawa ba ce, wani lokaci rai ne.

INDA MACE TA SHIGO

A farkon shekarun 1980 wata malamar jami'a mai suna Rosalie Tung ta bincika dalilin da ya sa manajojin kamfanonin Amurka su ke kasa aiki a ƙasashen waje har a komo da su kafin lokaci. Dalili na farko da kamfanonin suka ambata ba rashin iya aiki ba ne, kasawar matar ce ta saba da wurin. In kin duba, ba abin mamaki ba ne. Miji yana da ofis, yana da abokan aiki, yana da abin da zai tashe shi da safe. Matar kuwa an ajiye ta a bene hawa na biyar, ba uwa, ba maƙwabciya, ba biki, ba suna. In ya dawo da gajiya ya tarar da kuka, gobe ya tafi aiki da zuciya biyu. A nan ina roƙon maigida ya ji: matar da ka kai wata ƙasa ka kulle ba ka tsare ta ba, ka jefa ta cikin ciwo ne, kuma ciwon zai biyo ka har ofis.

Amma yadda mace ke iya zama sanadin komowa, haka ta ke iya zama ƙofar gari. Maigida da manya ya ke hulɗa, su kuwa manya abin da ya ke so ya ji su ke gaya masa. Ke ce za ki ji gaskiyar gari a bakin mai sayar da kayan miya, da malamar makarantar yara, da matar da ke layin awo a asibiti. Saboda haka ga shawarata, 'yar'uwa, in tafiya ta same ki.

Tun kafin ki tashi ki koyi gaisuwar mutanen wurin, da godiya, da ban haƙuri, da ƙirga kuɗi. Kalma ashirin sun isa buɗe fuska. In kin isa, ki nemi matar da ta daɗe a can ta zama miki kamar mai gidan zango, amma ki zaɓa da kyau. Akwai masu shekara goma a ƙasa ba abin da suka iya sai zagin masu ita. Zama da irin waɗannan zai tsayar da ke a mataki na biyu har ki dawo. Ki je kasuwa da kanki ko da kuna da mai aiki. In an yi haihuwa ko rasuwa a maƙwabta ki shiga, ko ba ki jin abin da a ke cewa, zamanki ya isa magana. In kin yi girki ki zuba a kwano ki aika, don zo mu ci tuwo ya fi tuwon daɗi.

Ki riƙe abin da ke kwantar miki da rai. Ki tafi da kukarki da daddawarki in dokar ƙasar ta yarda, ki tsare lokutan ibadarki, ki yi wa yara Hausa a gida. Sabawa da wuri ba ya nufin ki zubar da naki. Amma ki kula da waya. Italiyawan Bakalori da bulo aka gina musu shingensu, namu shingen yau a tafin hannu ya ke. Mace na iya zama a Dakar ko Jidda alhali kuwa daga safe har dare tana cikin hirar WhatsApp ta gidansu, ta san wadda ta yi yaji a Bakura amma ba ta san sunan maƙwabciyarta ba. Ki sa wa waya lokaci, sauran wunin ki ba garin da ki ke ciki.

Da dare kuma ki bar maigida ya sauke abin da ke ransa, sa'an nan ki yi masa tambayoyin da ba mai yi masa a ofis. Yaya sunan direbanka? 'Ya'yansa nawa? Mutanen ƙauyen da ke kusa da masana'anta me su ke cewa? Filin da aka gina ta, na wa ne a da, an kuwa biya su? In bai sani ba, to kin nuna masa aikin gobe. Kuma in ɗayanku ya yi makonni ba barci, ba cin abinci, ba abin da ke ba shi sha'awa, kada a tsaya ana cewa kewa ce za ta wuce. A ga likita, ba abin kunya ba ne.

Wata za ta ce, Malama, kina maganar baƙo ya fito ya shiga jama'a, kin manta halin da mu ke ciki? Ban manta ba. Duk mun san abin da 'yan bindiga suka mai da hanyoyin Zamfara, har a 2019 gwamnatin tarayya ta umarci baƙin da ke wuraren haƙar ma'adinai a jihar su fice. Inda babu tsaro, katanga da masu gadi tilas ne, ba wanda zai ce mutum ya sayar da ransa. Sai dai katanga jiki ta ke tsarewa, bai kamata ta toshe kunne ba. Manajan da ba zai iya zuwa ƙauye ba yana iya kiran dattawan ƙauye ya shimfiɗa musu tabarma ya saurare su. Yana iya cin abinci tare da ma'aikatansa. Kuma sau da yawa wanda ya san mutane shi a kan rada wa cewa kada ya bi hanya kaza yau.

Ku kuma ƙannena 'yan makaranta, ku riƙi darasin harsuna da muhimmanci. Nijar da Binin da Chadi da Kamaru duk sun kewaye mu, kuma Faransanci yana da amfani a dukansu. Larabci zai yi muku rana daga Sudan har Saudiyya. Ku fara gwaji tun yanzu da baƙin da ke kusa da ku. Tun 1973 a ke turo mana 'yan bautar ƙasa daga kudu, mu malamai muna ganin yadda wasunsu ke ramewa a watannin farko, ba don yunwa ba sai don rashin mai ce musu sannu. Ku koya wa malamarku baƙuwa gaisuwar Hausa, ku tambaye ta tata. Ranar da aka kai ku inda ba ku san kowa ba za ku gane amfanin wannan.

Ruwan Bakalori yana nan, ana noman shinkafa da shi, an ma sake gyaran magudanansa da taimakon Bankin Duniya a 'yan shekarun nan. Waɗanda suka gina shi sun iya aikinsu, sun kuma koma gida tun da daɗewa. Abin da ya rage mana shi ne idan namu suka je ƙasar wasu, su tambaya kafin su auna, su saurara kafin su baje, domin matambayi ba ya ɓata. Mu mata kuwa mu ne za mu fara buɗe ƙofa.

Allah ya kai matafiyanmu lafiya, ya komo mana da su lafiya, ya jiƙan waɗanda suka rasu a Bakalori. Sai wani mako in Allah ya kai mu. Wassalam.